Gwangwanin Fam Biyu

Zulai ta ce bana ba ta son kek ɗin kanti,
na gida take so, wanda hannun Baba ya gasa.
Hannun Baba kuwa abin da ya iya
juya tsofaffi a gado a wurin aiki,
sai dafa taliya in dare ya raba.
Na ce to.
Bakin uba yakan riga aljihunsa magana.

Asabar, yayyafin Coventry na bin wuyan rigata,
na shiga babban kanti, layin kayan gashi.
Ga su nan reras, sai sheƙi suke:
mai siffar zuciya, mai rami a tsaka kamar gammo,
na roba mai lanƙwasa da aka ce wuta ba ta ci.
Goma sha biyu a kwali guda, fam arba'in da biyar.
Na juya kuɗin zuwa naira,
abin da na sha rantsuwa na daina,
na mayar da kwalin a hankali
kamar mai miƙa jaririn wasu.

A tashar bas Gwaggo Hanne ta faɗo mini a rai,
can Funtuwa, jajibirin salla:
gwangwanayen madara, an wanke, an shafe da bota,
yashi a gindin tukunya, garwashi bisa murfi.
Unguwa guda ƙamshin ke tayarwa,
ba ta taɓa sayen komai ba sai fulawa da ƙwai.

Na tsallaka titi zuwa shagon gwanjo.
Wata tsohuwa, an rubuta Doreen a ƙirjinta,
ta dube ni ta saman tabarau.
"Karon farko?" in ji ta.
Ashe goshina ya riga ya kai ƙarata.

Ta ɗauko ɗaya ta ƙwanƙwasa da zobenta:
"Ji wannan, holoƙo, wuta za ta murɗe shi.
Ji wannan kuma." Amon ya fito a zaune.
"Ɗauki mai nauyi.
Baƙi ƙirin saurin ƙona gindi gare shi.
Karce ba aibi ba ne, tsatsa ce aibi.
Zagayayye guda, faɗin taƙi, ya ishe ka.
Sauran ka bari sai ka ƙona kek uku tukuna."

Fam biyu.
Amma zuciya ba ta jin shawara duka,
da ta juya baya na ƙara da faffaɗan faranti,
araha ta ruɗe ni.
A gida tanderun ɗakin haya ya ce bai san zance ba,
na juya shi tsaye, na juya shi kwance,
ƙofa ta ƙi rufuwa.
Yana nan bakin ƙofa yanzu,
jiƙaƙƙun takalma ke kwana a kansa.

Na farko ya lotsa a tsakiya, rijiya sak.
Na biyu ƙararrawar hayaƙi ta yi masa guɗa
har maƙwabcin sama ya buga ƙasa da ƙafa.
Na uku, ranar da Zulai ta cika bakwai,
ya taso a karkace kamar hular ɗan gaye,
na sa tsinke ya fito a bushe.

Uwarta ta dawo daga aikin dare, ko jaka ba ta sauke ba
ta gutsira, ta tauna, ta daɗe tana taunawa.
"Sukari ya yi yawa," ta ce, ta ƙara gutsira.

Da nake wanki na lura da gindin gwangwanin:
sawun wuƙa birjik, tsofaffi, sun haye juna,
bukukuwan 'ya'yan wata da ban sani ba.
Ga kuma wani sabo daga gefe, fari tas.
Wannan nawa ne.
Na goge shi da tsumma na kife.
Zulai na cewa baɗi mai cakulan take so.